Kafin Mu Yi Kwaɗayin Black Hawk

Duk lokacin da aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a dazukan Zamfara ko Neja ko gefen Tafkin Chadi, akwai tambayar da ba ta rasa fitowa a shirye-shiryen rediyo da shafukan sada zumunta, wato me ya hana gwamnati sayo jirage masu saukar ungulu irin waɗanda Amurka ke yaƙi da su. Sunan da yawancin mutane suka sani a cikin waɗannan jirage shi ne Black Hawk, kuma ya cancanci sunan da ya yi, domin samun jirgin jigilar soja da ya fi shi ƙwari yana da wuya. Sai dai ni a ganina masu kwaɗayinsa rabin tarihinsa suka karanta. Jirgi ne da aka ƙera wa ƙasar da ke da makanikai da rumbunan kayan gyara da kuɗin da ba ya yankewa, kuma an riga an ga abin da ya same shi a hannun ƙasar da ba ta da waɗannan. Wannan rabi na biyu ya fi shafar Najeriya da maƙwabtanta.

Asalin jirgin yana komawa yaƙin Biyetnam. A can ne sojojin Amurka suka fara dogaro da jirgi mai saukar ungulu wajen kai dakaru fagen daga da kwaso waɗanda suka ji rauni, kuma jirgin da ya ɗauki wannan nauyi shi ne UH-1 na kamfanin Bell, wanda sojoji ke kira Huey. Sama da 7,000 aka kai ƙasar, sama da 3,000 kuma suka salwanta. Huey injinsa ɗaya ne, saboda haka harsashi guda a wurin da bai dace ba ya isa ya kawo shi ƙasa. Idan rana ta take kuma ana kan tudu, ƙarfinsa yakan ragu har sai an sauke wasu sojoji kafin ya iya tashi. Idan ya faɗo, sau da yawa tankin mai ya fashe, wuta ta cinye mutanen da faɗuwar ba ta kashe ba. A 1972 rundunar sojin ƙasan Amurka ta rubuta sharuɗɗan jirgin da zai gaje shi, kuma wanda ya duba sharuɗɗan zai ga cewa kusan kowanne amsa ce ga wata hanyar da aka riƙa mutuwa a cikin Huey. An buƙaci injina biyu. An buƙaci ya ɗauki sojoji 11 da kayansu, ya tsaya cak a sararin sama a tsayin kusan mita 1,200 yayin da zafi ya kai digiri 35. An kuma buƙaci ya shiga cikin jirgin dakon kaya na C-130 domin a kai shi duk inda yaƙi ya ɓarke. Samfurin kamfanin Sikorsky ya fara tashi a watan Oktoba na 1974, ya doke na Boeing Vertol a ƙarshen 1976, ya kuma shiga aiki a 1979 da lambar UH-60A.

Abin da ya fi burge ni a ƙirarsa shi ne an ƙaddara tun farko cewa za a harbe shi, kuma wata rana zai faɗo. Fukafukan babbar farfelarsa an yi su yadda za su jure bugun harsashi mai kaurin milimita 23 su ci gaba da juyawa. Akwatin giyarsa yana iya aiki na kusan minti 30 ko da baƙin man da ke ciki ya tsiyaye duka, wanda ya isa matuƙi ya fice daga inda ake ruwan wuta. Tankin mansa yana toshe kansa idan harsashi ya huda shi. Ƙafafunsa da kujerunsa suna lanƙwashewa su shanye ƙarfin faɗuwa kafin ya kai ga ƙashin bayan wanda ke zaune. Injinansa biyu samfurin T700 na kamfanin General Electric suna da matatar da ke fitar da yashi da ƙura daga iskar da suke zuƙa, abin da duk wanda ya san hazon hunturu a Maiduguri ko Agadas zai gane muhimmancinsa. Yana tafiyar kusan kilomita 280 a sa'a, kuma da ƙugiyar da ke ƙarƙashin cikinsa yana iya rataye kayan da suka kai kusan tan 4, har da igwa mai bakin milimita 105. Amma sharaɗin shiga cikin C-130 ya bar masa tabo, domin dole aka yi shi gajere: rufin ɗakin fasinjojinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, babban mutum ba ya iya miƙewa a ciki, kuma babu ƙofar baya da za a turo manyan kaya ta cikinta. Wannan naƙasa ba ta dami Amurka ba, tunda tana da babban jirgi mai saukar ungulu, Chinook, na ɗaukar kaya masu nauyi.

Yaƙinsa na farko shi ne mamayar tsibirin Girenada a 1983, sannan Fanama a 1989. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 yana cikin jirage kusan 300 da suka kwashi dakarun runduna ta 101 suka tsallaka da su can cikin hamadar Iraƙi a ranar da aka fara farmakin ƙasa. Amma ranar da ta fi fito da sunansa ranar asara ce. A 3 ga Oktoba, 1993, mayaƙan Janar Muhammad Farah Aidid suka harbo guda biyu a tsakiyar Mogadishu da rokar da ake harbawa daga kafaɗa, makami mai arha wanda aka ƙera domin tankokin yaƙi. Sojojin Amurka 18 suka mutu a faɗan da ya biyo baya, 'yan Somaliya kuwa ɗaruruwa, kuma cikin watanni shida Amurka ta janye daga ƙasar. Mutane sukan kafa hujja da wannan rana su ce jirgin ba shi da ƙarfin da ake yayatawa. Ni ban ga haka ba. Matuƙin ɗaya daga cikin jiragen, Michael Durant, ya fita da rai daga faɗuwar, aka tsare shi kwana 11 aka sake shi, wasu jiragen da aka huda a ranar kuma suka lallaɓa suka sauka lafiya. Abin da Mogadishu ta nuna shi ne duk jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa yana shawagi a kan unguwa mai cike da makamai yana cikin haɗari, ko wane ne ya ƙera shi. A Mayun 2011 ma, cikin jirage biyu da aka sauya wa fasali aka tura Abbottabad ta Pakistan domin kashe Usama bin Laden, ɗaya ya rikito a harabar gidan, kuma babu wanda ya mutu a cikinsa.

Waɗannan su ne labaran da ake bayarwa, amma ba su ne ainihin aikin jirgin ba. Cikin sama da 5,000 da aka ƙera, yawancinsu sun ƙare rayuwarsu ne suna dakon ruwan sha da abinci da harsasai da likitoci, suna kwaso masu rauni. A 2009 sakataren tsaron Amurka Robert Gates ya ba da umarnin cewa duk sojan da ya ji mummunan rauni a Afganistan a kai shi gaban likitan tiyata cikin sa'a guda. Binciken da likitocin soja suka wallafa daga baya ya nuna cewa matsakaicin lokacin kwasowa ya sauko daga minti 90 zuwa 43, kuma adadin masu mutuwa cikin waɗanda aka raunata ya ragu sosai. Dalilin a fili yake: sojan da harsashi ko nakiya ta yanke wa jijiya zubar jini ne ke kashe shi, kuma kowane minti yana da lissafi. Akwai kuma abin da ba a iya aunawa da alƙaluma. Sojan da ya san cewa idan ya faɗi za a zo a ɗauke shi yana shiga daji da wata irin zuciya, wadda wanda ya san a bayan motar sintiri za a kwantar da shi a bi hanyar da aka binne bama-bamai ba zai taɓa samu ba. Ita kanta Amurka ta ɗanɗani rashin wannan a Sahel. A harin Tongo Tongo na Nijar, ranar 4 ga Oktoba, 2017, inda aka kashe sojojinta 4 tare da takwarorinsu 'yan Nijar, jiragen Faransa ne suka zo suka kwashi waɗanda suka tsira, sa'o'i bayan fara musayar wuta.

To amma a Afganistan ɗin ne kuma aka ga iyakar jirgin, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet sojojin saman ƙasar sun saba da Mi-17, jikan Mi-8 na ofishin ƙira na Mikhail Mil, wanda ya fara tashi a 1961. Jirgi ne mai faɗin ciki, mutum yana miƙewa a cikinsa, yana ɗaukar sojoji 24 ko fiye ko kayan tan 4, yana da ƙofar baya, kuma yana jure tsaunuka. Amurka da kanta ta yarda da haka, har ta sayi sabbi 63 daga kamfanin sayar da makamai na gwamnatin Rasha ta ba Afganistan. Majalisar Dokokin Amurka ba ta ji daɗin ganin kuɗin harajin Amurkawa na tafiya Mosko ba, musamman da yake wannan kamfani yana sayar wa gwamnatin Siriya makamai, sannan Rasha ta zo ta mamaye yankin Kirimiya na Yukren a 2014. Sai aka yanke shawarar maye gurbinsu da tsofaffin Black Hawk 159 da aka yi wa kwaskwarima, na farko suka isa a Satumbar 2017, daga baya aka rage adadin zuwa 53. Shawara ce ta siyasa, kuma a 2018 masu binciken ma'aikatar tsaron Amurka suka faɗa wa majalisar illarta ba tare da ɓoye-ɓoye ba: sai an haɗa Black Hawk kusan biyu kafin su ɗauki kayan Mi-17 guda, akwai manyan kayan da ba sa shiga cikinsa sam, kuma ba ya kaiwa wasu wurare masu tsayi da Mi-17 ke sauka.

Babbar matsalar kuwa a rumfar gyara take. Makanikan Afganistan suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na gyaran Mi-17 da hannunsu, alhali Black Hawk kusan gaba ɗaya 'yan kwangila daga waje ne ke kula da shi. Horar da makaniken jirgi har ya iya sa hannu a takarda cewa jirgi ya cancanci tashi aiki ne na shekaru, littattafan gyaran da Turanci suke, na'urorin gwaji na kamfani ne. Da dakarun ƙetare suka fara janyewa a 2021, 'yan kwangilar suka bi su. Ofishin sufeton da ke sa ido kan kuɗin sake gina Afganistan ya ba da rahoton cewa Black Hawk ɗin da ke shirye su tashi sun sauko daga kashi 77 cikin 100 a Mayu zuwa kashi 39 a Yuni. An kai ga makanikai a Kabul suna neman shawarar ƙwararru ta kiran bidiyo. Sansanonin da 'yan Taliban suka kewaye, waɗanda ta sama kaɗai abinci da harsashi ke isa gare su, suka riƙa miƙa wuya ɗaya bayan ɗaya, Kabul kuma ta faɗi ranar 15 ga Agusta. Ba na cewa jirgi ne ya kayar da gwamnatin Ashraf Ghani, domin cin hanci da yarjejeniyar Doha da Amurka ta ƙulla da Taliban da mutuwar zuciyar sojoji duk sun yi nasu aikin. Amma an gina rundunar da ba ta rayuwa sai da jigilar sama, aka kuma ba ta jirgin da ba ta iya gyarawa.

Wani zai ce ashe sai mu rungumi na Rasha mu huta. Da shekaru goma sha biyar baya ne, da wataƙila na yarda. Yanzu wannan ƙofa ma ta ƙuntata. Dokar takunkumin da Amurka ta kafa a 2017 tana barazana ga duk ƙasar da ta yi babban cinikin makamai da Rasha, kuma saboda tsoronta ne Filifin ta soke sayen Mi-17 guda 16 a 2022, shekarar da ta ƙulla cinikin Black Hawk 32 daga masana'antar Sikorsky da ke ƙasar Folan. Injinan da yawancin Mi-17 na duniya ke amfani da su kuma an daɗe ana ƙera su a kamfanin Motor Sich da ke Zaporizhzhia ta Yukren, garin da ke bakin fagen daga tun 2022, su kuma masana'antun Kazan da Ulan-Ude da ke ƙera jirgin a Rasha buƙatun sojojin ƙasarsu ne a gabansu. Mai jirgin Rasha a yau yana fama da jiran kayan gyara da wahalar biyan kuɗi ta banki. Sauƙin da 'yan Afganistan suka samu da Mi-17 ma ba daga ƙarfen jirgin kaɗai ya fito ba, ya fito ne daga shekaru talatin na sabo, inda wanda ya koya ya koyar da na bayansa.

Idan aka dubi rumfunan jiragen Najeriya da wannan ido, abin da za a fara gani shi ne tarkace. Akwai Mi-35 da Mi-171 na Rasha, akwai AW109 na Italiya, akwai Super Puma na Faransa, akwai Bell 412 na Amurka, an ƙaro T129 daga Turkiyya, a Afrilun 2022 kuma Amurka ta amince da sayar mana da jiragen farmaki AH-1Z guda 12 da kayan haɗinsu a kan dala miliyan 997. A Yunin 2024 rundunar sojin ƙasa ta karɓi UH-1H guda biyu domin kafa sashenta na jirage, wato Huey ɗin nan da aka ƙirƙiro Black Hawk domin ya gaje shi. Na fahimci yadda aka kai ga haka: a tsakiyar yaƙi da Boko Haram Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam, kuma wanda aka taɓa rufe wa ƙofa ba ya son dogaro da gida ɗaya. Amma kowane samfuri yana buƙatar matuƙansa da makanikansa da kayan aikinsa da rumbun kayan gyaransa, kuma ƙusar wannan ba ta shiga ramin wancan. Duk direban haya a Kano ya san cewa motar da ba a samun kayanta a Ƙofar Ruwa, komai kyanta, ranar da ta tsaya ta zama ɗakin kaji. Ƙara Black Hawk a kan wannan jeri ƙarin samfuri ne kawai da zai yi gogayya da sauran a kan ɗan kuɗin gyaran da ake warewa.

Abu na biyu da za a gani shi ne yadda sha'awarmu ta karkata ga jirgin da ke harbi. Jirgin farmaki yana da kyan hoto a ranar bikin ƙaddamarwa, kuma ba na musun amfaninsa. Amma matsalar da ke addabar Arewa maso Yamma ta nisa ce da rashin hanya: ƙauye yana kiran agaji da dare, sojoji suna da tafiyar sa'o'i a kan hanyar da damina ta cinye, kafin su iso maharan sun kora mutane da shanu cikin daji. Jirgin farmaki yana iya tarwatsa taron babura, amma ba ya sauke sojoji a bayan masu garkuwa su tare musu hanya, ba ya tantance ɗan bindiga daga wanda aka sace, ba ya ɗauko mai rauni. A Agustan 2023 'yan bindiga suka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin Zungeru na jihar Neja, aka tura Mi-171 ya kwaso gawawwaki da waɗanda suka jikkata, ranar 14 ga watan kuma ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro. 'Yan bindiga sun yi iƙirarin su suka harbo shi, hedikwatar tsaro kuma ta ce jami'ai da sojoji 36 aka rasa tsakanin harin da faɗuwar. Ƙasar da ke da irin wannan jirgi da yawa takan tura biyu tare da rakiyar mai ɗauke da makamai, kuma rasa ɗaya ba ya gurgunta aikin kwaso masu rauni na yanki guda. A Borno ma shekaru ke nan jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya masu saukar ungulu ne ke kai ma'aikatan agaji garuruwa irin su Rann da Damasak da Monguno, kuma lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, duk wanda ya ga mutane a kan rufin gidaje ya san irin jirgin da ake buƙata a ranar. A ambaliyar Mozambik ta 2000 'yan jiragen sojin saman Afirka ta Kudu sun tsamo mutane sama da 14,000 daga kan bishiyoyi da rufin ɗakuna.

Saboda haka ra'ayina shi ne a zaɓi samfurin jigila guda ɗaya, ko biyu idan ya zama dole, a saye shi da yawa, a zauna a kansa shekaru ashirin ko talatin. Idan lissafi ya nuna Black Hawk ne, ba ni da ja, Masar da Tunisiya suna amfani da shi. Yana da kyau kuma a san cewa a Disambar 2022 sojin ƙasan Amurka suka zaɓi V-280 na kamfanin Bell a matsayin jirginsu na gaba, wanda ke nufin tsofaffin Black Hawk za su riƙa fitowa kasuwa da arha, kuma a wannan arhar tarkon yake, domin farashin saye ƙaramin kaso ne na abin da jirgi zai ci a tsawon rayuwarsa. Kwangilar da ta dace ita ce wadda ta ƙunshi kayan gyara na shekaru, da cibiyar babban gyara a cikin ƙasa, da jadawalin da ke nuna shekarar da makanikanmu za su karɓi aikin daga hannun na kamfani, da kuma albashin da zai hana wanda aka horar guduwa zuwa kamfanonin da ke jigilar ma'aikatan mai a Fatakwal.

Kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya suna da hurumin tambayar abin da ba a faɗa a wurin bikin karɓar jirage, ko da a zaman sirri ne: cikin jiragen jigilar da aka saya a shekaru goma da suka wuce guda nawa ne za su iya tashi gobe da safe, guda nawa aka kwance wa kaya domin a tayar da wasu, kuma sa'o'in tashinsu nawa ne suka tafi wajen kai sojoji da kwaso masu rauni, nawa suka tafi wajen ɗaukar manya. Tambayar ƙarshen tana da tarihi. Jirgin sojin ruwan da ya faɗi a jihar Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012, ya kashe gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Janar Andrew Azazi, daga wurin jana'izar mahaifin wani hadimin shugaban ƙasa ya ɗauko su.